Muryar Agwagwa Daga Dundaye

Abin da nake so a ce ban yi ba bai ɗauke ni tsawon shan fura ba. Na kunna wa wani tsoho rediyo a shagona, na bar shi ya saurara, na ce masa, "Wannan muryar taubashina ce." Gaskiya na faɗa, muryarsa ce. Amma na san inda tsohon zai kai maganar, kuma don ya kai ɗin na gaya masa. Na daɗe ina ce wa kaina rashin sani ne ya ja ni. Rashin sanin yana ciki, sai dai ba shi kaɗai ba ne.

A wancan zamanin ina da shago a Ƙofar Marke, ina gyaran agogo da tocila da fitila mai famfo. Karatuna na boko bai wuce elemantare ba. Taubashin nawa ɗan yayar mahaifina ne, ya girme ni sosai. Ya je yaƙin Bama, a can aka sa shi cikin masu riƙe da oba-oba, ya dawo da igiya uku, shi ya sa kowa ke ce masa Saja. A Dundaye yake zaune yana noma, in rediyon wani Bature ya lalace kuma shi ake aika wa. Tun ina yaro wasan taubasai ke tsakaninmu. Bai taɓa kiran sunana ba, sai dai bawa, ni ma haka nake ce masa, kowa yana cewa shi ne ubangidan ɗan'uwansa.

Saja ya sayi akwati biyu na oba-oba a gwanjon tsoffin kayan soja. Masu nauyi ne ƙwarai, a ciki akwai ƙwayaye na gilashi da ke yin ja idan sun ɗauki zafi. Yana da izinin hukuma na yin magana da su don sha'awa. Ɗaya ya ajiye a ɗakinsa, ya ja doguwar waya tsakanin giginya biyu. Ɗayan ya kawo shagona, ya ɗaura eriya a kan gora, ya ce a ƙarƙashin izininsa nake. Batirin babbar mota muke sa musu, in ya yi sanyi in ɗora shi a keke in kai gareji. Kullum bayan la'asar sai mu kira juna.

Farkon abin da ya koya mini shi ne yadda zan auna muryata. Ni a ganina tun da Dundaye da nisa, dole in ɗaga murya. Sai in murɗe maɓallin ƙarfin magana har ƙarshe, in manna baki a makirfo, in yi ta kwarara ihu.

"Kai bawa," in ji shi daga can, "hura wuta kaka yi ko magana? Dubi allura. Oba."

"Allura lahiya take, tsohon bawa. Kunnenka na ya mutu tun Bama. Oba."

"Ina ta tsaya? Hwaɗi gaskiya."

Na duba allurar awon murya da ke fuskar akwatin, ta wuce jan layi ta kwanta a ƙarshe. Na ce masa tana tsakiya.

"Ƙarya kaka yi. Muryarka kamar an taka gwangwani. Ja baki baya taƙi guda, rage maɓalli, ka ce aaa kamar likita shina duba maka maƙogwaro."

Na yi yadda ya ce. Allurar ta dawo tana rawa ƙasa da jan layin, tana taɓa shi in na ƙarfafa kalma, tana komawa. Ya ce yanzu ya ji mutum. Da ya shigo gari ya ƙara mini bayani. In muryar ta yi kaɗan, iskar da akwatin ke fitarwa tana tafiya kusan wayam, mai sauraro ya ji shuu kawai da ɗan motsin magana a ƙasa. In ta yi yawa kuma sai ta fashe, ta fantsama hagu da dama, ta shiga rediyon maƙwabta. Na san hakan ya faru, don akwai wani mai sayar da yadi a bayan shagona da ya taɓa zuwa yana faɗa, wai yana sauraron labarai sai ya ji ni ina tambayar farashin gero.

Akwai wani ƙaramin makunni a gefen dama na akwatin. Na tambaye shi amfaninsa, ya ce na masu buga waya da tsit-tsit ne, tun da ban iya ba in bar shi a kashe. Na taɓa kunna shi sau ɗaya muna magana, ya cika shagon da fito mai huda kunne, na kashe. Ban sake taɓa shi ba.

Akwatin nan ya ɗaga ni a unguwa. Da la'asar benci ba ya ɗaukar mutane. Kowa yana so ya ji yadda ake zagin mutum daga Dundaye ba tare da waya ba. Cikin masu zama akwai wani tsoho mai sanda, ba ya sana'ar komai da aka sani, amma kowa ya san duk abin da ya ji a bakin shago, kafin magariba ya isa zauren manya. Ana ba shi wuri, ana kuma rage magana idan ya zauna.

Shekarar da ta gabaci mulkin kai, gari ya canza. Zaɓe ya matso, mutane suka fara kallon juna da gefen ido. In ka gaisa da wane a kasuwa an rubuta ka nasu ne. In baƙo ya kwana gidanka sai an tambayi daga ina. Turawa kuma suna ta haɗa kaya. Cikinsu akwai wani likitan dabbobi mai irin wannan sha'awa ta oba-oba, wanda Saja ke yi wa gyara. Da zai tafi sai ya bar masa wani akwati da ya harhaɗa da hannunsa.

Daga nan Saja ya fara makara. In kira shi bayan la'asar, shiru. In sake kira, shiru, ga mutane a benci suna kallona. Sai can kusan magariba ya shigo, ya zage ni a gurguje, ya ce batir ya yi sanyi. Wata rana ina jiransa na riƙa murɗa maɓallin neman tasha, sai na faɗa kan wata ƙara da ban taɓa jin irinta ba. Kamar agwagwa a cikin tulu. Tana da ƙarfi har allurar tana tsalle, wato daga kusa take. Ba kalma ko ɗaya da za ka kama, amma tana tafiya irin ta magana, ta ɗaga, ta sauka, ta tsaya. In ta tsaya sai wata agwagwar ta amsa daga nesa, ƙasa-ƙasa. Na kasa kunne. A tsakiyar kukan sai na ji tari sau biyu a jere, gajere. Tarin Saja ne, wanda ya dawo da shi daga yaƙi. Ko a cikin kasuwa na ji shi zan gane.

Ranar Juma'a ya biyo ta shagon bayan an sauko. Na tambaye shi a gaban mutane.

"Da wa kaka magana kullum da la'asar?"

Ya yi dariya. "Da aljanu. Sun hi ka hankali, ba su ihu."

"Ni da gaske nike."

"To ji nan, bawa. Ka san jaki da mangala?" Ya ɗauki agogo biyu daga teburina ya riƙe ɗaya a kowane hannu. "Maganar da muka yi ni da kai, jaki ta da mangala, hatsi ga dama, hatsi ga hagu, kuma hatsin iri guda na. Ƙarhin batir duk ga jakin shika tahiya. Sabon akwatin ga, sai shi kore jakin, shi yar da gefe guda, shi tura gefe guda shi kaɗai. Shi ya sa shika kai nesa da wuta kaɗan."

"Hatsi shi tahi ba jaki?"

"Mai karɓa shi ka kawo nashi jakin."

Mutanen benci suka kwashe da dariya, shi ma ya yi. Ya ce in bari ya gama daidaita abin, yana juya shi tukuna, zai zo ya nuna mini. Ya ajiye agogon ya hau kekensa.

Yau da nake rubutu na san amsa ya ba ni cikakkiya. A ranar kuwa abin da na ji shi ne an mai da ni yaro a gaban jama'a da tatsuniyar jaki. Bayan ya tafi wani ya ce, "Mutum dai in ba shi da abin ɓoyo, mi za shi sa shi murɗe murya?" Wani ya ce Bature ba ya ba da abu banza. Wani ya ce an ga Saja yana hira da wani akawu ɗan Kudu a gidan waya. Wani ya tuna cewa tsoffin soja sun saba da yaren asiri tun a yaƙi. Ni kuwa ban tashi na kare shi ba.

Na shiga sauraron agwagwar kowace rana. Ina rufe ƙofar shago rabi, in rage ƙara, in sa kunne. Na fara jin abin da babu. In kukan ya yi sauri in ce gardama suke, in ya yi ƙasa in ce sun zo kan sirrin. Wata rana na ji kamar dariya, sai na ɗauka ni ake yi wa. Na lura duk ranar da aka yi taron siyasa a gari hirar tasu tana tsawo. Ban lura ba cewa ranar da ba a yi taro ba ma tana tsawo. Matata ta ce in hau keke in je Dundaye in zauna kusa da shi in gani da idona, ai gidan gwaggona ne. Na ce ba zan je inda ba a gayyace ni ba. Abin da ke cina shi ne la'asar ɗin da take tawa an ba wani, kuma ban san ko wane ne ba.

Sai ranar da tsohon nan mai sanda ya same ni ni kaɗai. Ya zauna, ya jingine sandarsa, ya tambayi lafiyar gwaggona. Sannan ya ce yana jin ana maganar wata ƙara. Da na ce masa batir ya mutu, da ya tashi. Na kunna. Na nemo masa agwagwar, na ƙara ƙarfi. Ya saurara yana lumshe ido.

"Wanga wane yare na, ɗana?"

"Ni ma ban sani ba, Baba."

"Amma ka san mai shi?"

Tarin ya zo daidai lokacin, sau biyu. Na ce, "Muryar taubashina ta."

"Da wa shika yi?"

"Na tambaye shi, yac ce da aljanu."

Ya gyaɗa kai, ya ce Allah shi yi mini albarka, ya ɗauki sandarsa. Maganar jaki da mangala tana bakina, ban faɗa ba.

Ba a daɗe ba hukuma ta tura mutane Dundaye. Ban je ba, gwaggona ce ta ba ni labari daga baya, ba ta san hannuna na ciki ba. An tarar da shi yana sussukar gero. Aka datse wayar da ke kan giginya, aka fito da akwatunan biyu, tsohon da sabon, aka ɗaure su a kan jakuna, shi kuma aka sa shi gaba a ƙasa, mutanen gari suna kallo. Ya roƙa a cire ƙwayayen gilashin a naɗe a tsumma kafin a ɗora, ba a saurare shi ba. Ya yi kwanaki ana tambayarsa. Ya nuna izininsa. A ƙarshe aka kira wani ma'aikacin waya ya duba, ya ce babu wani asiri, sabuwar hanyar magana ce da masu wannan sha'awa suka fara bi a ƙasashe. Aka sake shi. Akwatuna kuma aka ce su zauna sai gari ya lafa, har da wanda ke shagona, shi da kansa zai kai.

Da la'asar ya zo ɗauka. Ya rame. Benci ya watse da ganinsa, kowa ya tuna da wani uzuri. Ya yi sallama, na amsa, na jira ya ce bawa. Sai ya ce, "Malam, ina wuni?"

Na ce, "Saja, sannu da wahala."

"Sun ce wani mai akwati irin nawa yas shaida muryata." Ya kalli akwatin, bai kalle ni ba. "Mu biyu muka da shi garin ga."

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu. Ya ja kujera ya zauna gaban akwatin, ya kunna, ya jira ƙwayayen suka yi ja. Ya murɗa har ya samo agwagwar nesa. Ita kaɗai ce yanzu, tana kuka, ta yi shiru kamar mai jira, ta sake. Ya miƙa yatsa ya ɗaga ƙaramin makunnin nan na gefen dama.

"Ga jakinka," ya ce. "Nan shike tun ranar da nik kawo maka."

Ya rage ƙarfin kamawa, ya sa yatsa biyu a maɓallin neman tasha ya riƙa motsa shi a hankali, kamar yadda nake motsa gashin agogo. Kukan ya yi kauri ya zama gurnani. Ya ce ba nan gefen ba ne, ya koma ɗaya ɓarin. Agwagwar ta zama siririyar murya irin ta yaro mai mura, ta sauko, ta sauko, sai ga muryar dattijo a shagona, da Hausar mutanen zango.

Yana kiran Dundaye. Ya ce kwana da kwanaki bai ji shi ba, ko lafiya. Ya ce ƙwan gilashin da ya yi masa alkawari ya samu, yana neman ɗan fataken goro da zai ba. Ya tambayi tarin. Ya ce, "Saja, in kana jina ka amsa, ko da fito ne. Oba." Sai shuu. Sai ya sake daga farko.

Saja ya gaya mini, ba tare da ya juyo ba, abokinsa ne na yaƙi, rami ɗaya suka kwana a Bama, yanzu yana zaune a Kumasi. Tun da aka sallame su ba su ga juna ba. Sabon akwatin ne kawai ke kai murya can.

Na ce, "Amsa mishi da wanga."

"Wanga ba shi kai."

Amma ya ɗauki makirfon. Ya riƙe shi taƙi guda daga bakinsa, ya danna, ya yi magana a natse. Na kalli allurar, tana taɓa jan layi tana komawa, ba ta wuce ba ko sau ɗaya. Ya ce yana lafiya, ya ce an gode da ƙwai. Ya saki. Muka saurara. Mutumin Kumasi ya ci gaba da kira, bai ji komai ba.

Saja ya kashe akwatin. Ya jira ya huce, ya buɗe bayansa, ya zare ƙwayayen ɗaya bayan ɗaya yana naɗewa a rawaninsa. Na taya shi ɗaurewa a keke. Hannunmu ya haɗu a kan igiya, ya ce, "Na gode, Malam."

An yi zaɓe, an yi mulkin kai, an yi ta kaɗe-kaɗe a gari. Bayan nan aka ce ya je ya karɓi kayansa. Tsofaffin biyu sun tashi da ƙyar. Sabon kuwa ƙwayayensa sun farfashe tun a kan jaki, damina ta shige shi, ɓeraye sun ci wayoyin ciki. Wanda ya harhaɗa shi ya bar ƙasar, ba wanda ya san yadda ya tsara shi. Saja ya yi ta ƙoƙari har ya bari. Ban san ko ya sake jin abokin nasa ta wata hanya ba, ban sami fuskar tambaya ba. A Dundaye kuma, duk da an wanke shi, ya jima ana rage magana idan ya zauna. Giginyun nan biyu na gan su ba waya.

Bai yi gaba da ni ba. Ya zo sunan 'ya'yana, na je jana'izar gwaggona muka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Na ba shi haƙuri ba sau ɗaya ba, ya ce ya yafe, kuma na yarda ya yafe. Wasan ne bai dawo ba. Na sha tsokanarsa da gangan, in ce tsohon bawa ya kawo gaisuwa wurin ubangidansa, sai ya yi murmushi ya tambayi lafiyar iyali. Har ya rasu Malam yake ce mini. Duk mai taubashi ya san abin da nake nufi.

Bayan shekaru na sami wani akwatin, na iya kamo murya mai gefe ɗaya har ina nuna wa wasu. Ba abu ne mai wuya ba. Ka ɗaga makunni, ka rage ƙarfi, ka murɗa a hankali, in bai fito ba ka koma ɗaya gefen. Duk lokacin da agwagwa ta zama mutum a hannuna sai na tuna da ranar.

Roƙona ga mai karatu kaɗan ne. In ka ji abin da ba ka gane ba daga wurin naka, kada ka kai shi kunnen wanda zai ɗauka ya yi gaba. Dundaye ba ta da nisa, da keke ake zuwa a dawo kafin magariba. Ka je ka zauna kusa da shi ka ce ya nuna maka, ko da zai yi maka dariya. Wanda kuma ya karanta wannan, ya sa Saja a addu'a.